Baje Kolin Hunturu: A Ba Mai Sana'a Rumfarsa

Da zarar kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara busawa, lokacin baje koli ya zo a manyan garuruwan Nijar. Ran asabar da lahadi ma'aikaci ya kan ɗauki iyalinsa su zagaya rumfuna. Ga kilishi da cuku, ga albasar Galmi, ga tabarmin Madawa da tukwanen Mirya, ga jakunkunan dukawan Damagaram da azurfar maƙeran Agadas. A Yamai, tun shekarar 2000 aka kafa SAFEM, babban bajen kolin sana'o'in mata. Wannan abin yabo ne.

Amma mai ziyara ya tsaya ya tambayi mai rumfa: wa ya saƙa tabarmar nan? Sau da yawa ba mai rumfar ba ne. Matar da ta yanko kaba, ta rina, ta yi kwanaki tana saƙa, tana can ƙauye. Kuɗin mota da kuɗin rumfa sun fi ƙarfinta. Sai dillali ya saye kayanta da araha ranar kasuwar garinsu, ya kawo birni ya ninka. Wani ma har ya kan cusa takalman roba na waje tsakanin na fata, a wurin da aka ce na ƴan ƙasa ne.

Masu saye su ma suna da nasu laifi. Ma'aikacin da zai biya kuɗin kanti ba gardama, shi ne zai tsaya gaban maƙeri yana taya zobe rabin kuɗinsa, har ya nemi a ba shi bashi sai ƙarshen wata. Maƙerin kuwa jibi zai koma gida.

Gyaran ba shi da wuya. Ya kamata magadan gari su keɓe rumfuna kyauta, ko da rangwame, ga ƙungiyoyin masu sana'a, a kuma rubuta sunan garin da kaya suka fito a bakin kowace rumfa. A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su yi amfani ƙwarai: mace ɗaya mai iya rubutu da lissafi ta isa ta riƙe kayan mata ashirin na ƙauyensu, ta rubuta na kowa a littafi, ta maida wa kowace kuɗinta cif ran da ta koma.