Golden Eaglets: Kofi Biyar a Hannu, Hanyar Na Shida ta Garuruwanmu Za Ta Bi

 Sharhinmu na yau zai waiwayi tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wato Golden Eaglets, sannan ya duba abin da wannan tarihi yake nema daga gare mu, mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Duk faɗin duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya ɗaukar kofin duniya na wannan rukuni. Sau takwas yaranmu suna kaiwa wasan ƙarshe, sau biyar suna dawowa gida da kofi. Barazil, da duk sunan da ta yi a harkar tamaula, sau huɗu ta ɗauka. Amma tun daga 2015 ba mu sake ɗaga shi ba, kuma cikin gasa huɗu da aka yi daga 2017 zuwa 2025, sau ɗaya kacal muka samu gurbin zuwa. Duk mai son wasan nan ya kamata ya tambayi kansa yadda aka hau, da yadda aka sauko.

Labarin ya faro ne a ƙasar Sin a 1985, lokacin da hukumar FIFA ta shirya gasar a karon farko, a matsayin ta 'yan ƙasa da shekara 16. Koci Sebastian Brodericks ya tafi da yaran da babu wanda ya san sunansu a wajen ƙasar nan. Suka doke Italiya, suka fitar da Hungari, suka wuce Gini a bugun fenareti, sannan ranar 11 ga Agusta suka lallasa Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a birnin Beijin. Jonathan Akpoborie da Victor Igbinoba ne suka ci ƙwallayen, kyaftin Nduka Ugbade ya karɓi kofin. Wannan shi ne karon farko da wata ƙasar Afirka ta lashe gasar da FIFA ta shirya. Janar Muhammadu Buhari ne shugaban ƙasa a lokacin, shi ya tarbe su, kuma bayan shekara 30, da aka ci kofi na biyar, shi ne dai a kan kujerar mulki.

A 1987 yaran sun sake kaiwa wasan ƙarshe a Kanada, Tarayyar Sobiyet ta yi galaba a bugun fenareti. Sai a 1993 kofin ya dawo, lokacin da koci Fanny Amun ya jagoranci tawagar da ta doke Gana da ci 2 da 1 a Tokiyo. Wannan tawaga ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta nuna amfanin da ake nema daga ƙungiyar matasa. Daga cikinta Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Mobi Oparaku da Celestine Babayaro suka fito, kuma bayan shekara uku kacal suna cikin waɗanda suka doke Barazil da Ajantina suka ciwo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Jiharmu ta Kaduna tana da kaso mai tsoka a wancan zamani. Babayaro haifaffen Kaduna ne. Ibrahim Babangida, ƙanen Tijjani Babangida, yana cikin yaran Tokiyo, shi ne wanda Allah ya yi wa rasuwa a hatsarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya a watan Mayun 2024. Allah ya jiƙansa da rahama. A Atlanta kuwa, ban da Babayaro akwai Tijjani da Daniel Amokachi da Garba Lawal, dukkansu a filayen Kaduna suka koyi taɓa leda.

A 2001 Faransa ta doke mu da ci 3 da nema a wasan ƙarshe a Tirinidad da Tobago. A 2003 a Finlan, tawagar da Mikel Obi yake ciki ta yi daidai da Kosta Rika a maki da ƙwallaye, aka jefa ƙuri'a, ƙuri'a ta faɗa wa Kosta Rika. A 2007 a Koriya ta Kudu aka ci kofi na uku, bayan an tashi babu ci da Sifaniya, aka doke ta da 3 da nema a bugun fenareti. Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo 7 a gasar, Rabi'u Ibrahim ɗan Kano yana raba ƙwallo a tsakiya. Kocin tawagar, Yemi Tella, yana fama da ciwon daji ya yi wannan aiki, kuma 'yan makonni bayan dawowarsu ya rasu.

A 2009 gasar ta zo gida. Filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna da na Sani Abacha da ke Kano suna cikin filayen da suka karɓi baƙi, mutanenmu suka ga gasar duniya da idonsu ba a akwatin talabijin ba. Yaran koci John Obuh suka kai wasan ƙarshe a Abuja, Suwizalan ta ci su 1 da nema. Bayan shekara huɗu kofin ya dawo. A 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, koci Manu Garba ya fito da tawagar da ta zura ƙwallo 26 a wasa bakwai. Ta ci Meziko 6 da 1 a rukuni, ta sake cin ta 3 da nema a wasan ƙarshe a Abu Dabi. Kelechi Iheanacho ne gwarzon gasar, kyaftin Musa Muhammed ya rufe cin da bugun tazara, Musa Yahaya kuma ya hana masu tsaron baya sakat. A 2015 a Chile, Emmanuel Amuneke ya kare kambun da doke Mali 2 da nema. A can ne duniya ta fara jin sunan Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10, daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. A gasar nahiyar Afirka ma, Najeriya ta ɗauki kofi a 2001 da 2007.

Daga nan al'amura suka juya. A watan Agustan 2016, ana dab da wasan neman gurbi da maƙwabciyarmu Nijar, gwajin shekaru ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin Najeriya. Da ragowar aka ci Nijar 1 da nema a Abuja, amma a Yamai suka rama da 3 da 1. Mai riƙe da kofin duniya ya zauna a gida, Nijar ta wuce har gasar duniya ta Indiya a 2017. A 2019 mun je Barazil, Holan ta kore mu da ci 3 da 1 a zagayen 'yan 16. A 2023 Burkina Faso ta tare mu a Aljeriya da ci 2 da 1. A 2025 kuwa, FIFA ta faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 a Katar, ta kuma mayar da ita ta kowace shekara, amma babu Najeriya a ciki, domin tun a matakin shiyyar Afirka ta Yamma aka bar mu a baya.

Masu sauraro, dole a faɗi gaskiya game da batun shekaru, domin shi ne tabon da ke jikin wannan tarihi. Tun a 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. Daga 2009 aka fara amfani da na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton wuyan hannu don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. Wanda ƙashinsa ya haɗe gaba ɗaya, an cire shi. Kofunan 2013 da 2015 bayan zuwan na'urar aka ci su, wannan kuwa hujja ce cewa yaranmu na gaskiya za su iya. Sai dai al'adar rage shekaru ba ta mutu ba, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Saurayi mai shekara 22 da ya shiga rigar ɗan 16 ya cuci yaron da gurbin yake nasa, ya kuma cuci kansa, domin lokacin da kulob yake jiran ya bunƙasa, shi ƙarfinsa ya fara ja baya.

A nan ne ya kamata mu gyara ma'aunin da muke auna nasara. Suwizalan da ta doke mu a Abuja ta fitar da Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic, suka yi wa babbar tawagar ƙasarsu hidima fiye da shekara goma. Toni Kroos, gwarzon gasar 2007, ya ɗauki babban kofin duniya da Jamus a 2014. Mu kuwa, da kofunanmu biyar, babbar tawagarmu ta Super Eagles ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a babbar gasar duniya ba. Ƙungiyar matasa makaranta ce. Darajarta tana cikin yawan yaran da ta yaye suka zama manyan 'yan wasa kuma mutanen kirki.

To, ina ruwan mutumin Ikara da wannan? Ruwansa ne ƙwarai. Duk wanda ya ratsa Paki ko Auchan ko Saulawa bayan sallar la'asar, ko ya bi ta Gimi da Gubuchi, ko Hunƙuyi da Likoro, zai tarar da filin makarantar firamare cike da yara, wasu ba takalmi, raga kuwa sanda biyu ce aka kafa. Da dare gidajen kallo a cike suke, yaro zai jera maka 'yan wasan kulob ɗin Ingila ko na Sifaniya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Son wasan yana nan, baiwa tana nan. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da za ta ɗauki yaro daga wannan fili zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Kaduna, daga nan zuwa sansanin ƙasa. A da, gasannin makarantu da na ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON, irin su kofin Ramat da ake yi a Kano, su ne matakalar. Yau yawancin makarantunmu sun bar wasanni, sai ranar gasar gidaje sau ɗaya a shekara, in ma an yi.

Manomin rake a fadamun Maƙarfi da Kudan ya san cewa idan ya sayar da komai bai keɓe iri ba, baɗi ba shi da abin yanka. Haka ƙwallon ƙasar nan take. An shekara talatin ana girbin yaran da unguwanni da makarantu suka rena, ba a mayar da komai cikin gonar ba.

Aiki na farko na iyaye ne, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa: a yi wa kowane jariri rajistar haihuwa a wurin jami'an hukumar ƙidaya ta ƙasa, a adana takardar kamar yadda ake adana takardar gona. Na'urar gwaji ba ma'asuma ba ce, wani yaron ƙashinsa kan riga shekarunsa haɗewa. Takardar da aka rubuta tun yana goye, da rajistar makarantarsa daga aji ɗaya, su ne shaidun da za su tsaya masa a duk inda ya je, a ƙwallo ko a neman aiki. Kada uba ya yarda wani ya ce a rage wa ɗansa shekaru. Kada kuma ya sayar da gona ko shanun huɗa ya miƙa wa dillalin da ya yi alkawarin kai yaro Turai. Kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mahaifi kafin ya gwada ɗansa.

Aiki na biyu na shugabannin makarantu ne da sassan ilimi na ƙananan hukumomin uku. A dawo da gasa tsakanin makarantun firamare da na ƙaramar sakandare, zango-zango, da jadawali a rubuce da rajistar kowane ɗan wasa. Zakaran Ikara ya kara da na Maƙarfi da na Kudan, a gayyato hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta zo ta gani. Sharaɗin shiga ya zama halartar aji da cin jarrabawa, domin cikin yara ɗari da ke fili, ƙalilan ne ƙwallo za ta ciyar, saura da karatu da sana'a za su rayu.

Aiki na uku na shugabannin ƙananan hukumomi ne da hakimai da dagatai: a kare filayen wasa daga masu yanka su filoti-filoti da masu gina shaguna. Filin da aka gina ba ya dawowa. Masu hannu da shuni da 'yan siyasar da ke sa kofi lokacin sallah ko dab da zaɓe, muna yaba musu, muna kuma roƙon su mayar da rabin kuɗin wajen 'yan ƙasa da shekara 13 da 15, su sayi ƙwallaye da takalma, su biya wa kociyoyin unguwa kuɗin kwas. Waɗannan bayin Allah su ne ke tara yara kullum ba albashi, su ne malaman farko na duk tauraron da muke tafa wa.

Ita kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, tunda gasar ta zama ta shekara-shekara, tara yara a Abuja na 'yan makonni kafin wasa ba zai wadatar ba. Ana buƙatar masu farautar baiwa a kowace shiyya, da gasar matasa mai ɗorewa a kowace jiha, da tantancewar da ɗan talaka daga ƙauye zai shiga ba tare da takardar wani babba ba.

Kofi na shida zai zo ne ranar da yaro ɗan shekara 12 a Kurmin Kogi yake da takardar haihuwa ta gaskiya, da makarantar da ke buga gasa, da kocin da aka horar, da filin da ba a sayar ba. Uku daga cikin waɗannan huɗu a hannunmu suke, ba sai mun jira Abuja ba. Allah ya raya mana yaranmu, ya albarkaci baiwar da ya ba su.