Zaɓin farko a fom ɗin JAMB: shawara ga masu son karatun kasuwanci



Duk shekara idan JAMB ta fara sayar da fom, yaranmu da yawa da ke son karanta harkar kasuwanci ko aikin akanta sukan tafi Azare su yi rajista, su dawo da takarda a hannu. Idan ka tambayi yaro me ya sa ya sa wannan jami'a a gurbin farko, amsar ba ta wuce "abokina ma ita ya sa" ko "mai kafe ne ya ce ta fi". Wannan gurbin kuwa shi ne kusan komai. Galibin jami'o'in gwamnati ba sa kiran ɗalibi tantancewa sai idan su ya sa a zaɓin farko. Wanda ya yi kuskure a nan yakan yi zaman shekara guda a gida, ko da makinsa ya isa shiga wata makarantar.

A Amurka akwai tsari mai kama da wannan. Ɗalibi yakan nemi jami'a guda tun farkon Nuwamba, ya sa hannu cewa idan ta ɗauke shi ba zai tafi wata ba. Makarantar kasuwanci ta Wharton a Jami'ar Pennsylvania tana cikin masu ɗauka ta haka. Saboda dama ɗaya ce, iyali sukan daɗe suna auna maki da kuɗi kafin su zaɓa. Mu ma dama ɗaya gare mu, amma sau da yawa a layin kafe ake yanke shawarar cikin minti biyar.

Ra'ayina shi ne a daina zaɓa da suna kawai, a fara da maki. JAMB tana kan 400, kuma a sakamakon farko da ta fitar a 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Makin 150 da aka sanar wa jami'o'i a shekarar shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda da shi, kowace jami'a da kowane sashe suna da ikon ɗaga nasu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano suna jan masu nema daga duk Arewa, kuma kwas ɗin akanta da na gudanar da kasuwanci suna cikin masu cunkoso. Yaron da malamansa suka san ƙoƙarinsa, ya nema, kada a karya masa gwiwa. A jami'o'in tarayya ana ba da kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Bauchi tana cikinsu. Amma wanda bai kai can ba, gara a gaya masa gaskiya tun yanzu.

Sai kuma a san inda ake koyar da kwas ɗin. Jami'ar kiwon lafiya ta tarayya da ke Azare ta fannin lafiya ce, ba ta da sashen kasuwanci. Jami'ar jiharmu ta Gaɗau, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, tana da reshe a Misau da cikin garin Bauchi, kuma a reshen Bauchi aka sa darussan gudanarwa. Uban da ya lissafa cewa ɗansa zai riƙa zuwa gida kowane mako ya sake lissafi. Makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke Bayero kuma ta masu digiri na biyu ce, ba nan sabon ɗalibi zai fara ba.

Na uku kuɗi. Karatu shekara huɗu ne, kuma kuɗin rajista ba shi ne duka ba. Akwai haya, abinci, kuɗin mota da na takardu. Gidan da ke jiran kakar gyaɗa ko ta riɗi kafin ya biya wa yaro makaranta dole ya zauna ya lissafa duka shekarun. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana taimakawa a makarantun gwamnati, amma bashi ne, za a biya. Shiga jami'a mai suna a fito a aji biyu don rashin kuɗi ya fi ciwo a kan shiga ta kusa a kammala.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ke kayar da yara. Kwas ɗin kasuwanci yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi. A JAMB kuma akan nemi Turanci, Lissafi da darasin tattalin arziki, sai na huɗu da ya dace. Yaron da ya guje wa Lissafi ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin jarrabawa. Bayan sakamako ya fito, a tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, a riƙa duba CAPS, domin ta nan ake ba da gurbi kuma ta nan ɗalibi ke karɓa.

Wani zai ce ai ana iya canza makaranta bayan sakamako. Gaskiya ne, ana biyan kuɗi a canza. Sai dai da yawa ba sa farga sai jami'ar da suke son komawa ta rufe tantancewa. Wani kuma zai ce sunan jami'a yana taimakawa wajen neman aiki. Yana taimakawa, amma ga akanta, jarrabawar ƙwarewa ta ICAN ko ANAN ita ke ɗaga mutum, kuma wanda ya fito daga kwalejin fasaha ta tarayya da ke Bauchi ma yana iya zaunawa.

Ina kira ga 'yan ƙungiya da suka yi karatu a Zariya, Kano, Bauchi da Dutse su ware rana guda kafin a buɗe rajista, su zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandarenmu da iyayensu, kowa ya faɗi abin da ya sani game da makarantarsa. Da ɗan gari kan ci gari. Yaro ya tafi kafe da zaɓinsa a rubuce, mai kafe ya buga abin da aka ba shi kawai.

Allah Ya yi wa yaranmu zaɓi mafi alheri, amin.