Gobara ba ta jiran mota daga Damagaram

A shekarar 1982 wuta ta cinye Babbar Kasuwar Yamai, ta sake kamawa a 2009. A Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a Yamai. Watanni bakwai bayan haka, wasu aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi. Duk wannan a manyan birane ne, inda ƴan kwana-kwana suke kusa. To ina ga karkara?

Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Magariya da Dungas na ɗauke da mutum sama da dubu 900. Ga rumbunan hatsi, ga rumfunan kara a kasuwanni, ga man ruwa-ruwa cikin kwalabe a bakin hanya. In iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi, kafin mota ta ci kilomita kusan 90 daga Damagaram, jarin ɗan kasuwa ya zama toka.

Saboda haka muna cewa: duk kuɗin da gwamnati za ta ware don sabunta ma'aikatun kashe gobara, kada su maƙale a Yamai da manyan biranen jahohi. A ba gundumomi kasonsu, a kuma bayyana shi a fili, tunda harajin talakawa ne. Jar mota kaɗai ba ta wadatar ba: sai da rijiyar burtsatse kusa da kasuwa, da mai, da kayan gyara, da ma'aikata horarru.

Ƴan kasuwa ma da nasu aikin: su bar hanyar shiga tsakanin rumfuna, su nisanta mai da wuta. Gemun Maraɗi ya riga ya kama. Magariya ta shafa wa nata ruwa.