Gani Ya Kori Ji, Amma Ban Da A Majigi

 Mai karatu ya sani akwai wani irin wasan majigi wanda ba ya tsorata mutum da dodo ko aljani, sai dai ya jefa masa waswasi a zuci, har ya riƙa zargin wanda bai ga laifinsa ba. Gwanin wannan sana'a shi ne Alfred Hitchcock, mutumin Ingila, wanda ya yi aiki a Amurka, ya rasu a 1980. Kayan aikinsa uku ne: haske, da na'urar ɗaukar hoto, da sauti.

Na farko haske. A cikin wasansa Suspicion na 1941, wata mace ta yi zaton mijinta zai ba ta guba. Aka nuna mijin yana hawa bene cikin duhu, ɗauke da kofin madara. Hitchcock ya sa aka ɓoye 'yar fitila a cikin madarar, sai ta riƙa ƙyalli ita kaɗai. Idon mai kallo ya kafe a kanta, zuciyarsa ta yanke hukunci cewa lalle akwai guba, alhali ba wanda ya ga an zuba kome. Daga ƙarshe kuwa ta bayyana mijin bai nufe ta da kisa ba.

Na biyu na'ura. A cikin Vertigo na 1958 akwai mutum mai tsoron bisa. Da ya leƙa ƙasa daga matakalar hasumiya, sai aka ja na'ura baya, aka kuma matso da hoton gaba a lokaci guda, ƙasa ta yi kamar tana gudu. Wanda ke zaune lafiya bisa kujera sai jiri ya ɗebe shi.

Na uku sauti. A cikin Psycho na 1960 an kashe wata mace da wuƙa, amma da ƙyar a ke ganin wuƙar ta taɓa jiki. Ƙarar sukan, ɗan itace ne dangin kankana aka caka wa wuƙa. Jinin kuwa ruwan cakulan ne, domin hoton baƙi da fari ne. Sa'an nan makaɗi Bernard Herrmann ya sa kayan kiɗa masu tsirkiya, dangin goge, suka yi ta tsuwa kamar kururuwa. Kunne ya ji, zuciya ta ƙarasa abin da ido bai gani ba.

To, abin lura ke nan. Hausawa su kan ce gani ya kori ji, amma ga shi an ja ido da kunne duka kamar raƙumi da akala. Falke ya san yadi ya kan yi kyau a inuwar rumfa, shi ya sa ya ke fita da shi rana kafin ya biya. Alƙali kuma ba ya hukunci da kamannin fuska, sai da shaidu. Haka ya kamata mai hankali ya yi da kowane hoto da aka kawo masa, na wasa ne ko na labari: ya tambayi kansa me ya gani da idonsa, me kuma aka sa shi ya zata. Gama wanda 'yar fitila cikin madara ta sa ya tuhumi mutum da kisa, ba wuya magulmaci ya raba shi da ɗan'uwansa.

Allah ya tsare bayinsa daga mugun zato, amin.