Kifin Zinariya Ba Furen Ado Ba Ne

Sanin kowa ne cewa ɗan jan kifin nan da ake kira kifin zinariya ya shiga falon masu hali da ofisoshin manya a ko'ina cikin duniya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne asalinsa kifin miya ne mai launin toka-toka a tabkunan ƙasar Sin. Jefi-jefi akan sami wanda ya fito ja ko rawaya, sai mutanen Sin suka riƙa ware irin waɗannan suna kiwo, har abin ya kafu sosai a zamanin daular Song, wato 960 zuwa 1279. A zamanin daular Ming aka shigo da shi ɗaka cikin manyan kasake na tangaran. Daga nan ya ƙetara Japan, ya isa Turai a ƙarni na 17, Amurka kuwa a ƙarni na 19.

To, amma fa farin jinin nan ya zame masa wahala. Galibin masu saye sukan jefa shi cikin ɗan tulun gilashi mai ƙaramin baki, su ɗora bisa tebur kamar fure. Iskar da ke shiga ruwan ba ta isarsa, ƙazantar da yake fitarwa kuma tana mai da ruwan guba. Bayan 'yan watanni ya mutu, a ce ai dama kifin ba ya daɗewa. Wannan magana ba ta da tushe. Idan ya sami fili da ruwa mai tsabta yakan wuce shekara 10, har wani da ya mutu a Ingila a 1999 ya kai shekara 43. Shi ya sa hukumar birnin Rum ta hana ajiye shi cikin irin wannan tulu a 2005, kuma ta yi daidai. Wanda ba zai iya samar da babban mazubi da sauya ruwa a kai a kai ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Sai kuma mai tausayin da ya gaji da kiwo, ya kai kifin rafi ya saki, yana ganin ya yi alheri. Ɓarna ya yi. A can kifin yakan girma, ya tumɓuke tsirran ruwa, ya dagula tabki, ya cinye ƙwan kifayen wurin. A kogin Vasse na Ostareliya an kama wanda ya kusa kilo 2, a 2021 kuma sai da hukumar garin Burnsville ta jihar Minnesota ta roƙi jama'a su daina zuba shi cikin tabkunansu.