Zauren Iyali: Hutun Kaka A Ƙasar Gumel

Ruwa ya ɗauke, manomi ya fara dariya, mai aikin albashi kuma ya fara lissafin inda zai kai iyalinsa su sha iska. In ka tambaya, yawanci za a ce maka Yankari, ko Jos, ko Tiga. Wurare ne masu kyau, ba na kushe su. Amma akwai kuɗin mota, akwai kuɗin masauki, kuma rabin kallon daga cikin mota ake yinsa. Yaro zai dawo ya ce ya ga giwa, in an yi sa'a, alhali kuwa har yanzu in ka nuna masa zangarniyar gero da ta dawa bai san wacce ce wacce ba, ga shi kullum su yake ci.

Shawarata bana ita ce a nufi inda ba a saba zuwa ba, a kuma yi tafiyar a ƙasa. Ina nufin ƙasar Gumel, can arewacin Jihar Jigawa, bakin iyakar Nijar. Ƙananan hukumomi huɗu ne a masarautar: Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. A cikin ta Sule Tankarkar ne garin Ɗanzomo yake, shi da su Ɗanladi da Jeke da Ɗangwanki. Daga Kano zuwa Gumel kamar kilomita 120 ne, ta hanyar Gujungu.

Na san abin da uwargida za ta ce. Za ta ce, “Maigida, me ke can? Ba dutse, ba kogi, ba namun daji.” Gaskiya ne. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, irin wadda ake kira jigawa, daga nan ma jihar ta samo sunanta da aka kafa ta a 1991. To, wannan shi ne amfaninta. Ba hawa ba gangara, yaro ɗan shekara bakwai zai iya, kakarsa ma za ta iya in an bi ta a hankali. Ƙauyuka ba su da nisa da juna ƙwarai, kuma ko'ina ka duba akwai mutum a gona da za ka yi wa sannu ka tambaye shi hanya.

Lokaci shi ne abu na fari. Kada ka jira hutun makaranta na Disamba. A sa'an nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe sama, gonaki sun zama fili, yara kuma za su dawo maka da mura da fason ƙafa. Ka tafi daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ko da kwana uku ne ka samu. Sauro ya fara raguwa, hanyoyin ƙauye sun bushe, safiya da sanyi-sanyi, ga aikin kaka ana cikinsa. Shamuwa ta riga ta yi kudu, sai belbela a bayan shanu, da kurciya da hasbiya suna kalen hatsi. In kun yi sammako kuna iya tayar da fakara ko zabin daji a gefen gona.

Abin kallo na gaske a ƙasar nan itatuwa ne. Ku tsaya a gindin gawo ku sa yara su ɗaga kai. Duk sauran itatuwa suna shirin zubar da ganye, shi kuwa yanzu yake fitar da nasa. Da damina tsirara yake tsayawa, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na gefe kyau, shi ya sa kuma manomin kirki ba ya sa masa gatari. Da rani 'ya'yansa ne abincin awaki. In yaro ya gane wannan kaɗai, kuɗin motarka bai faɗi a banza ba. Bayan gawo sai kuka, wadda ake shan miyarta a gida kullum ba a taɓa ganin uwar ba. Ga aduwa mai ƙaya, ga magarya da kurna, ga kanya, ga goriba, ga kalgo da sabara a saura. Ku sa gasa: wanda ya fi sanin sunayen itatuwa kafin a isa ƙauye na gaba shi zai fara shan fura. Za ka sha mamaki, sau da yawa uwargida ce za ta cinye ku duka.

Za ku kuma ga layin dogonyaro da aka dasa a jere, wani wuri har ido bai ga ƙarshensa ba. Ba don ado aka yi su ba. Shinge ne na tare iska, gama iskar arewa tana kwashe ƙasar gona tana turo rairayi. Mutanen wannan yanki sun ga fari na 1973 da na 1984 da idonsu, tsofaffi za su ba ku labari in kun zauna. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince a dasa katangar itatuwa daga Senegal har Jibuti, Jigawa kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin ya shafa. Ku duba da kanku inda dashen ya kama da inda aka sare aka yi itacen girki. Mu mutanen birni da muke sayen itace da gawayi muna da hannu a ciki, ko mun so ko mun ƙi.

A gonaki za ku tarar da dammunan gero ana jigila a amalanke, da wake ana roro. Za ku ga riɗi an yanke an ɗaure, an jingina shi tsaye yana bushewa. Ku ja wa yara kunne kada su taɓa shi. In ya bushe kwansonsa a buɗe yake, girgiza kaɗan sai ƙwayar ta zube a rairayi, wahalar mutum ta wata uku ta tafi. Za ku ga soɓorodo ja wur, mata da yara suna ɓara. Waɗannan biyu su ne kuɗin ƙasar yanzu, kamar yadda gyaɗa take a dā. Riɗin nan har Japan da Turkiyya ake kai shi, soɓorodon kuma mutanen Meziko suna sayensa su jiƙa su sha kamar yadda muke yi. Ka faɗa wa ɗanka haka yana tsaye a gonar, ka ga yadda zai buɗe ido.

Ga mai son tarihi, Gumel ba ƙaramin gari ba ne. Sarautarta ta Mangawa ce, ta kafu wajen 1750, kuma Barno take bi. Ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ta zauna tsakanin Kano da Haɗejiya da Damagaram tana kare kanta. A Tumbi sarakunan suke zaune, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin su komo Gumel ta yau. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdulkarimu, ya bi ta Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Shi ma bisa dabba da ƙafa ya ratsa rairayin nan da za ku taka. A Gagarawa kuma ga layin dogo wanda ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, wanda ya sha jigilar gyaɗa.

In za ka shirya kwanakin, ka sa Alhamis a ciki. Ranar ce kasuwar Maigatari take ci. Raƙuma, da shanu, da dawaki, da jakuna, da tumaki, daga Nijar da wasu ƙasashe, ga manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Ku sauka a Gumel ran Laraba, ku ga kasuwa ran Alhamis, Jumma'a da Asabar ku ba ƙafa aikinta wajen su Ɗanzomo. A kasuwa ka riƙe hannun yaro da kyau, raƙumi ba ya ba da hanya. Kada kuma ka ɗauki hoton mutum ko dabbarsa sai ka roƙa. Iyaka tana nan kusa, a daji kuwa ba bango ba alama mai yawa. An rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata gefen a 2024. Kada ka ce za ka leƙa ƙetare don nishaɗi, ka tsaya gefenka.

Yanzu maganar da ta fi duka nauyi. Ƙauye ba gidan kallo ba ne, gidan mutane ne. In kun isa, ku fara zuwa ƙofar mai gari. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda ka fito da abin da ya kawo ka. Ka roƙa a haɗa ka da saurayi ɗaya ya yi muku jagora, ka kuwa sallame shi da abin kirki. Ka riƙo goro da sabulu da sukari. Za a kawo muku ruwa da fura, mai yiwuwa har a kama kaza, gama mutanen karkara ba sa barin baƙo haka. Kada ku zama kaya, ku kwana a masauki a Gumel ko gidan ɗan'uwa, ku fita da sassafe. Uwargida da 'yan mata su shiga cikin gida su gai da matan, maigida ya tsaya a zaure. Ku bi turba ko burtali, kada ku ratsa gona. Kaka lokaci ne da ran manomi yake a tashe, gama amfani yana waje, shanu kuma suna gangarowa, ƙaramin abu yakan zama rigima tsakaninsa da makiyayi. In kun gamu da garke ku ratse ku ba shi hanya, ku gai da mai shi. Kafin ku baro gida ma ka tambayi wanda ya san wurin halin da hanya take ciki a makon nan, kada kuma dare ya same ku a kanta.

Tafiya a rairayi tana cin ƙarfi fiye da ta kwalta. Da yara, kilomita 6 zuwa 8 sun isa a yini. Ku tashi da asuba, ƙarfe 11 ta same ku a inuwa, sai la'asar ku juyo. Kowa ya ɗauki gorar ruwansa, da malafa, da man shafawa. Takalmi rufaffe da dogon wando dole ne, saboda ƙarangiya ta bushe yanzu, in ta kama safa sai an zauna an cire ta ɗaya ɗaya ana kuka. Akwai kuma maciji. Kububuwa da kasa suna son gindin dami da tarin kara, saboda ɓeraye suna can. Kada yaro ya sa hannu a rami ko ya ɗaga dami. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana ƙafar motsi, a nemi mota ko babur zuwa babban asibitin Gumel nan da nan. Saboda haka ka karɓi lambar wayar direba ɗaya tun a tasha, ka rubuta ta a takarda, gama waya takan mutu a daji.

Ran komowa ku bar wuri a jaka. Riɗi da soɓorodo da wake sabon ɗauka sun fi araha a can, kuma gara ka saya a hannun wanda ya noma, kada ka matsa masa da ciniki. In Lahadi ce kuka juyo, kasuwar Gujungu tana ci a bakin hanya, motoci sukan cushe, sai ku yi sammako.