In Aka Kafa Maka Falwaya a Fili, Baƙunci Bai Hana Ka Magana Ba

Cikin koke-koken da ake kawowa ofishin ƙungiya akwai wanda ya fara yawa: mutum ya wayi gari ya tarar an kafa falwaya a filinsa, ko an ja wayar wuta ta bisa rufin gidansa, ko an haƙa ramin bututu ta tsakiyar gonarsa, ba sallama ba takarda. In ya tambaya sai a ce aikin gwamnati ne. Da yawa cikinmu daga nan sai mu yi shiru, mu ce mu baƙi ne, kada mu jawo wa kanmu fitina. Wannan shirun ne muke so mu yi magana a kansa.

Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Bahaushen Sabo a Ibadan ko na Agege a Legas daidai yake da ɗan gari a wannan magana. Sashe na 44 kuma ya ce ba a karɓe wa mutum dukiya da ƙarfi sai ta hanyar doka, a biya shi diyya cikin hanzari, a kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe.

Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mai fili saboda amfanin jama'a, har da samar da wutar lantarki. Amma gwamna ne aka ba ikon, ba ɗan kwangila mai mota da lebura biyar ba. Dole a kawo wa mai fili sanarwa a rubuce, kuma Kotun Ƙoli ta sha rushe sokewar da aka yi ba tare da sanarwa ba. Wanda ya shigo maka fili ba izininka, ba kuma takardar hukuma, kutse ya yi, kana iya kai shi Babbar Kotun Jiha ka nemi diyya da umarnin dakatar da aikin. Mu tuna kuma tun Nuwamba 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, sai kamfanin TCN mai manyan layuka ya rage a hannun gwamnati. Don haka in an ce maka “gwamnati”, ka tambaya wace ce, ka ce a nuna maka takarda.

Inda abin ya fi cin mutanenmu shi ne wurin diyya. Sashe na 29 ya fi ƙarfi a kan abin da ka yi a kan ƙasar: gini, rijiya, katanga, itatuwa, amfanin gona. Masu ƙiyasi kuwa da suna suke aiki. In ka sayi fili shekara ashirin da suka wuce da shaidu biyu da musafaha, ba rasit, ba taswirar safiyo, ba sa hannun gwamna, to ranar rubuta sunaye iyalin da suka sayar maka ne za su fito su ce ƙasar kakansu ce, su karɓi kuɗin. Kai da ka zuba siminti a bar ka da kallo. Amana abu ne mai kyau, amma mai ƙiyasi ba ya karanta ta. Duk wanda takardunsa ba su cika ba ya fara gyara su tun yanzu, kuma ranar ƙiyasi ya tsaya da kansa, ya ɗauki hoton komai, kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Waɗanda suka yi ajin yaƙi da jahilci su taimaki maƙwabtansu a nan.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. In layin ya riga ka zuwa, kai ne ka shiga hurumin wani. Ƙa'idar ita ce faɗin mita 50 ga babban layi mai ƙarfin 330, mita 30 ga mai 132, mita 11 ga masu 33 da 11. Wanda ya kafa rumfa ko garke a ƙarƙashinsu don arha, kada ya sa ran diyya ranar rusau, ga kuma hatsarin rai.

Kada kuma fushi ya sa wani ya yanke waya ko ya tumɓuke falwaya. Laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, sai mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. A rubuta koke ga kamfanin, a sa su buga hatimi a kan kwafe, a adana. In ba su amsa ba a kai ga hukumar NERC, ko hukumar lantarki ta jiha a wurare irin su Legas da Enugu da suka kafa tasu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya zo ofis da takardun filinsa, a rubuta masa wasiƙa, a kuma haɗa shi da wanda zai raka shi Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.